Yara biyu sun yi faɗa a ajina kan yaƙin basasa, mi zan koya masu ran Lahadi?

Malamar Lahadi: Salama gare ku iyaye da malamai. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu abin ne ya tsaya mani a rai tun shekaranjiya. Ni ke koyar da 'yan shekara 8 zuwa 12 a makarantar Lahadi a cocinmu nan cikin garin Katsina, ajin nawa gauraye ne, akwai ɗiyan mutanenmu na Malumfashi da Kafur akwai na kudancin Kaduna akwai kuma ɗiyan Ibo da iyayensu ke kasuwanci nan. Muna cikin haddar addu'ar Ubangiji mun zo daidai wurin da muke roƙo a gafarta mana kamar yadda muke gafarta ma masu yi mana laifi sai naji hayaniya a bencin baya, yara biyu sun shaƙe juna. Da na raba su na tambaya ashe ɗaya ne ya ce ma ɗayan ku ne kuka kashe Sardauna, shi kuma ya mayar mashi da ku ne kuka kashe ƙanen kakana. Yaran da ko iyayensu ba a haifa ba lokacin fa. Na sa sun ba juna hannu amma ni na san hannu kawai aka ba, kowa na hararar kowa har aka tashi. Dattawan ikkilisiya sun ce in shirya darasi a kai tunda ga 15 ga Janairu na zuwa ranar tunawa da 'yan mazan jiya. To ta ina zan fara? Har da 'yan uwanmu Musulmi da ke cikin gurup ɗin nan ina son jin ta bakinku.

Maman 'Yan Biyu: Malama ni dai shawarata ki bar maganar yaƙin nan kwata kwata. Ki koya masu su so juna ki basu ayar haddacewa shikenan. Tone tone ba kyau, kaza ma garin tono take tono wuƙar yanka ta. Yara ne gobe sun manta

Malamar Lahadi: Mama da farko nima haka na yi tunani, amma ai ba ni na tono ba, da shi suka zo daga gida. In na yi shiru wanda ya faɗa masu rabin labarin shi ke nan ya zama malaminsu.

Malamin Tarihi Daura: Assalamu alaikum. Malama kin yi daidai da kika ƙi rufe maganar. Shekara 19 ina koyar da tarihi a sakandare kuma abin da na lura shi ne kowane yaro da ranar da aka fara mashi labarin. Namu na arewa labarinsu na farawa 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna a Kaduna, aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe, da Birgediya Maimalari da Akintola da Okotie-Eboh. Daga nan sai ya yi tsalle. Yaron Ibo kuma nashi na farawa da kashe kashen da aka yi ma mutanensu a garuruwan arewa cikin watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba na wannan shekarar, ko kuma da yunwar Biyafara. Kowa gaskiya ya riƙe amma guntuwa. Ki jera masu abin a tsare: juyin mulkin Janairu, na ramuwa 29 ga Yuli da aka kashe shugaban ƙasa na soja Ironsi, kashe kashen arewa, Ojukwu ya ayyana Biyafara 30 ga Mayu 1967, aka fara harbi 6 ga Yuli, aka yi wata 30, mataimakin Ojukwu Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan da ke Legas 15 ga Janairu 1970. Mutanen da suka mutu sun haura miliyan a mafi yawan ƙiyasi, kuma yunwa ta fi harsashi kisa, yara ƙanana suka fi mutuwa. Wannan na ƙarshen shi nake so kowane yaron arewa ya sani domin da yawa wallahi basu taɓa ji ba.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Malam to ai su suka fara. Da ba a kashe mana shugabanni ba da duk wannan bai faru ba, a riƙa faɗin gaskiya

Malamin Tarihi Daura: Wasu hafsoshi ne suka yi juyin mulki ɗan uwa, ana iya lissafa sunayensu. Tela da mai sayar da kayan keke da ke Funtuwa ko Kano ba su aka yi shawara da su ba. In muka yarda a kashe tela saboda laifin manjo to mun yarda kenan a kashe Bahaushe mai sayar da albasa a kudu saboda laifin wani da bai taɓa gani ba. Kuma ka san ana yi, kuma ka san yadda yake mana zafi.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: wannan kuma haka ne. amma dai a faɗi duka biyun

Admin: Duka biyun ake faɗi. Dan Allah a tsaya kan tambayar Malama, maganar yara ake.

Haifaffen Katsina: Barkanmu da dare. Ni Ibo ne amma nan aka yanke cibiyata, Hausa na fara ji kafin yaren gidanmu. Bari in baku abin da babana ya bani. A 1966 yana saurayi yana tsaron shagon yayansa, da abin ya ɓaci wani maƙwabcinsu Bahaushe mai sayar da goro ya ɓoye su kwana uku a ɗakin matarsa, ɗakin da ko ƙanensa baya shiga, sannan ya saka masu riga da hula ya raka su har inda suka samu mota. Yayan nasa bai kai ƙarshen yaƙi ba. Da aka gama a 1970 duk kuɗin da mutum ke da shi a banki fam 20 aka ba shi, babana ya dawo Katsina ba ko sisi, sai mai goron nan ya fito da kuɗin hayar shagon na duk shekarun a ƙulle cikin tsumma ya ƙirga mashi. A Fatakwal fa gidajen mutanenmu da yawa cewa aka yi kayan da aka yasar ne, basu dawo ba. Babana har ya mutu in ya tashi bada labarin yaƙi da mai goro yake farawa da mai goro yake ƙarewa, waɗanda suka bi su da adda a tsakiya yake saka su kuma bai taɓa cire su ba. Malama in zaki koya ma yara ki saka mai goro a ciki. Sai kuma abu ɗaya, kalmar inyamuri ɗin nan. A yarenmu nye m mmiri ba ni ruwa take nufi. Na san da yawa ba da mugun nufi suke faɗa ba sun taso sun ji ne, amma ɗana in an kira shi haka a makaranta baya cin abinci ranar.

Maman 'Yan Biyu: Wayyo. wlh ban taɓa sanin ma'anarta ba, kuma ina faɗa. Ka yafe mani ɗan uwa

Haifaffen Katsina: Ba komai Mama, ya wuce.

Baba Ɗan Mazan Jiya: Jikata ce ke rubuta mani ina faɗa mata don idona ba shi ganin ƙananan rubutu. Na shiga soja 1968 ina ɗan shekara 18 daga ƙauyenmu wajen Malumfashi, horon da aka yi mamu ba shi da tsawo aka tura mu. Lokacin Hassan Usman Katsina ɗan Sarki Nagogo shina cikin manyan da ke riƙe da sojan ƙasa, mu ko mi muka sani, an ce a haɗa ƙasa mun tafi haɗa ƙasa. Abin da ban taɓa faɗa ma ɗiyana ba sai da na tsufa shi ne yaran da muka iske bayan an buɗe hanya. Ciki ya kumbura ƙafa kamar kara gashi ya yi ja, ba su ko iya kuka. Na ba wata yarinya biskit ɗin rabon abincina na soja ta riƙe ta kasa kai shi baki. Shekara hamsin da wani abu ina ganin yarinyar nan. Da Gowon ya yi jawabi ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci mun yi murna ƙwarai don ba a ce a bi kowa a kashe ba, sojan wancan ɓangare da muka kama sakin su aka yi suka tafi gida. Amma ɗiyata ki gaya ma yaran nan ni da na riƙe bindiga ban dawo da wata nasara ba, kuma ni ma ina cikin masu neman a yafe masu. In kina so in zo ajin in zauna in faɗa masu da bakina zan zo, a dai samo mai kawo ni.

Malamar Lahadi: Baba Allah shi ƙara girma da lafiya. Na karanta ina hawaye. Ni da kaina zan turo a ɗauko ka.

'Yar Batsari: Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata maku zance. Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata. Ni kalmar sulhu ɗin nan ta fita raina gaba ɗaya. A 2019 gwamnati ta yi sulhu da 'yan bindiga a jihar nan an ɗauki hoto an yi ta yayatawa, mi ya biyo baya? Ba a daɗe ba aka koma gidan jiya, 2020 aka kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya a gona aka harbe shi ya bar ɗiya biyar ni ke riƙon biyu. Ranar zaman makoki wata ta dafa ni ta ce ki gafarta 'yar uwa Yesu ma ya gafarta, gawa ko sanyi bata gama yi ba. Wanda ya kashe shi bai tuba ba bai nemi gafara ba watakila yanzu haka shina wani ƙauye shina kashe wani. To in Malama zata koya ma yara cewa duk abin da aka yi maka ka ce ba komai, ni ban yarda ba, kuma ba zan tura marayun nan ajin ba su ji kamar sune masu zunubi don suna kukan ubansu.

Malamin Tarihi Daura: Allah ya jiƙan rai ya raya abin da ya bari. Maganarki na kan hanya Hajiya.

'Yar Batsari: Amin malam nagode, ni Kirista ce amma

Malamin Tarihi Daura: Afuwan 'yar uwa. Ta'aziyyar dai tana nan.

Rabaran Mai Ritaya: Ɗiyata 'yar Batsari, wadda ta faɗa maki haka ranar makoki ta yi kuskure ko da da kyakkyawar niyya ta yi, kuma mu masu wa'azi muna da laifi a ciki domin mun daɗe muna haɗa abu uku mu kira su da suna ɗaya. Akwai gafara, akwai sulhu, akwai hukunci. Gafara tsakaninki da Allah ne, ki sauke niyyar ramuwa daga hannunki ki bar mashi, Romawa 12 ke nan, kuma wani sai ya shekara goma yana kokawa kafin ya kai, ba a yi ma mutum tsawa a kai. Sulhu kuwa ba ya yiwuwa da mutum ɗaya sai mai laifi ya zo ya amsa laifinsa ya daina. Hukunci aikin hukuma ne, babi na gaba Romawa 13 ya ɗora mata, ko kin gafarta ko baki gafarta ba wajibinta ne ta kama mai kisa. Dubi Yusufu, muna son gaya ma yara ya rungume 'yan uwansa yana kuka amma muna tsallake cewa sai da ya gwada su tukuna ya ga ko zasu sayar da Biliyaminu yadda suka sayar da shi, kuma a Farawa 50 ya gaya masu ƙiri ƙiri cewa mugunta suka nufa da shi. Bai ce ba komai ba. Zakka mai karɓar haraji kuma da ya tuba ba da baki ya tsaya ba, ya ce duk wanda ya cuta zai mayar mashi ninki huɗu. Sulhun da aka yi da 'yan bindiga ba a ga Zakka a ciki ba, shi ya sa ya ruɓe. Marayunki su yi kukansu, ba zunubi ba ne.

'Yar Batsari: Baba Rabaran da haka ake faɗa mana tun farko da ban yi wata shida ban taka coci ba

Malamin Tarihi Daura: Rabaran abin da ka faɗa ya yi kusa da namu sosai. A Suratu Shura aya ta 40 an halatta ma wanda aka zalunta ya karɓi daidai haƙƙinsa, sannan aka ce wanda ya yafe kuma ya gyara ladarsa na wurin Allah. Yafiya da gyara tare aka ambace su. Kuma Annabi SAW ranar buɗe Makka yana da ƙarfi a hannu ya saki mutanen da suka kore shi, wato mai iko ne ya yafe, ba raunanan da aka tilasta ma yin shiru ba. Ta ɓangaren ƙasa kuma, a ganina inda muka yi ƙoƙari shi ne ba a yi ramuwa ba, an kafa bautar ƙasa 1973 don matasa su zauna garin juna, 1979 Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shagari shekara tara kacal bayan yaƙi, 1982 Shagari ya yi ma Ojukwu afuwa ya dawo daga Kwaddibuwa. Inda muka gaza shi ne ba a taɓa zaunar da mutane kowa ya faɗi abin da ya yi da abin da aka yi mashi ba. Afirka ta Kudu a kwamitin gaskiya da sulhu ƙarƙashin Desmond Tutu sharaɗin afuwa shi ne ka fito ka faɗi duk abin da ka aikata. Ruwanda bayan kisan kiyashin 1994 a fili cikin ƙauye aka riƙa zaman kotun gargajiya ta gacaca mai laifi gaban waɗanda ya kashe ma dangi. Mu sai 1999 Obasanjo ya kafa kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam, Fada Kukah ne sakatare, mutane suka je suka yi kuka a talabijin, rahoton kuma gwamnati bata fitar da shi a hukumance ba. To ciwon da aka ɗaure ba a wanke ba shi ne ya fito a bencin bayan ajin Malama.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: malam kenan. amma yaro ɗan shekara 9 duk ina zai kai wannan lissafi, ai sai ya yi barci

Maman 'Yan Biyu: Nima shi nake tunani. kuma kar a tsorata su da maganar gawa da yunwa su kasa barci da dare

Rabaran Mai Ritaya: Gaskiyarku. Malama ki buɗe 2 Tarihi sura 28, labari ne da ba a cika koyarwa ba alhali kamar don mu aka rubuta. Isra'ila da Yahuza 'yan uwa ne jini ɗaya ƙasa ta rabe biyu suka yi yaƙi. Isra'ila ta ci ta kwaso mata da yara dubu 200 da ganima zata kai Samariya su zama bayi. Sai wani annabi Oded ya tare su a hanya ya ce waɗannan 'yan uwanku ne, kuma ku kanku baku da laifi gaban Allah ne? Wasu shugabanni huɗu suka goyi bayansa. Sai aka buɗe ganimar aka tufatar da waɗanda ke tsirara, aka basu takalma da abinci da abin sha aka shafa masu mai, raunana aka ɗora su kan jakuna aka raka su har Yariko wurin danginsu. Yara zasu iya yin wasan kwaikwayonsa cikin minti goma, ba jini ba gawa. Kuma ki lura wanda ya ci yaƙin aka fara tambaya laifinsa.

Malamar Lahadi: Kai Baba Rabaran ban taɓa lura da wurin nan ba wlh. Ga yadda nake gani to, ku gyara mani. In fara da wasan Oded, in sa yaran nan biyu su zama cikin masu raba takalma su biyun tare. Sannan in faɗi namu a taƙaice da kwanan wata uku ko huɗu kawai, in ce an kashe shugabannin arewa kuma laifi ne, an kashe Ibo a garuruwanmu kuma laifi ne, yara sun mutu da yunwa kuma bai kamata ba. Ni 'yar arewa ce don haka da bakina zan faɗi na garuruwanmu ba zan bar ma yaron Ibo ya faɗa ba. Sai Baba ya yi magana, sai labarin mai goro.

Haifaffen Katsina: In haka ne ni kuma zan zo in faɗi na 15 ga Janairu da bakina, cewa kisan Sardauna da Ɓalewa zalunci ne, kuma murnar da wasu mutanenmu suka yi a kasuwanni bayan nan babana da kansa ya ce abin kunya ne. Ba cocinku nake zuwa ba amma zan shigo bayan an tashi tamu sujadar.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: to wallahi in ka faɗi haka ni ba ni da sauran magana

'Yar Batsari: Malama abu ɗaya zan roƙa. Kar ki tilasta ma kowane yaro ya ce na yafe a gaban aji. In yaro ya ce shi har yanzu yana jin haushi ki ce mashi Allah na jin wannan ma. In kin yarda da haka zan kawo nawa biyun su zauna baya.

Malamar Lahadi: Na yarda Anti, kuma kuskuren da na yi ran Lahadi kenan da na sa su ba juna hannu dole. Ki kawo su.

Maman 'Yan Biyu: Ni har yanzu gabana na faɗuwa kar iyaye su ji su ce an shigo da siyasa coci. ki fara sanar da su a taron zumuntar mata ran Alhamis kafin su ji a bakin yara. Zan tsaya maki in an taso

Malamin Tarihi Daura: Shawara mai kyau. Malama in kin gama ki turo mani yadda kika tsara, ina da aji ɗaya na ƙaramar sakandare da nake son gwada irinsa da su, sai in sauya wasan da ƙissar Annabi Yusuf.

Malamar Lahadi: Zan turo malam. Mama Alhamis ɗin ƙarfe huɗu ne ko? Sannan masu tsofaffin silifas da zannuwa a gida dan Allah a taimaka mani da su kafin Asabar na wasan ne, yara 23 gare ni. Jaki kuma ban san yadda zan yi ba.

Baba Ɗan Mazan Jiya: Jikata ta ce a samu manyan yara biyu su duƙa a rufa masu bargo. Ƙarfe nawa za a zo ɗaukata?

Malamar Lahadi: Takwas da rabi Baba, ƙanena zai zo da Keke Napep.